Masuncin da Kogi Ya Maido

Wutar da muke zagayewa a gidan kakata ba don mu ake hura ta ba, don kifi ake hura ta. Kaka Ige banda take yi a Argungu. Murhu uku gare ta na laka a bayan ɗakinta, kowanne da ragar waya a bisa, duk sun yi baƙi ƙirin saboda shekaru. Da la'asar ake kawo mata kifi a daro daga bakin kogi, ta zauna ta feɗe, ta wanke, ta lanƙwasa tarwaɗa ta haɗa kai da wutsiya ta soke da tsinke. Ana idar da sallar magariba sai a jera a raga. Banda ba ta son harshen wuta, hayaƙi take so, saboda haka dole a zauna ana tsaro. Wuta ta taso a danne ta da ƙaiƙayin shinkafa, gefe ɗaya ya yi ja a juya ɗayan. Wannan zaman tsaron, daga magariba zuwa bayan isha'i kaɗan, shi ne lokacin tatsuniyarmu.

Gidanmu yana Birnin Kebbi, a Nassarawa, inda mahaifina ke koyar da karatu. Amma duk hutun ƙarshen shekara Inna takan ƙulle mini kaya ta kai ni tasha, ta damƙa ni hannun direban da ta sani, a sauke ni Argungu. Can nake haɗuwa da 'ya'yan Kawu Garba, yayan Inna, mu zama shida ko bakwai gaban murhu. Wasu ɗumi ke kawo su, don sanyin bakin kogi ba wasa ba ne. Wasu kuma kifin da ya karye suke jira, wanda ba zai sayu ba, Kaka ta ɓare ta raba mana. Ni labari ke kawo ni, da tambaya. Har suna Kaka ta sa mini, 'Yar Dommi, wai ba ta taɓa kai ƙarshen zance ban ce "dommi", wato "don me", ba.

Can gefe, jikin bangon zaure, inda hasken murhu ke kaiwa da kyar, nan kakanmu namiji ke zama a kan buzunsa. Baba Tsoho muke ce masa. Dogo ne siriri, sana'arsa gyaran homa da taru, ragogin kamun kifi. Masunta su kawo masa wadda ta yage, ya maƙala bakinta a babban yatsan ƙafa ya yi ta ɗinki, ko a duhu hannunsa bai kuskure ƙulli. Ba ya magana sai ta kama dole. In ka gaishe shi ya ɗaga kai ya yi murmushi, shi ke nan. Na taɓa tambayar dalilin da ya sa mai gyaran homa bai taɓa zuwa kogi ba, aka ce mini ƙafa ke damunsa, na yarda.

Kaka tana da irin tata buɗewar. Sai ta gyara zama, ta ɗan kare ido daga hayaƙi, ta ce, "Ga wata nan ta biyo hayaƙi, wa ka son ta?" Mu haɗa baki mu ce, "Mu ka son ta, ta shigo." Tana da tatsuniyoyi da yawa, na dariya da na wauta da na dabbobi, amma akwai ɗaya da ba ta wuce hutu ba ta ba mu ita ba, kuma ita ce ta hana ni sukuni har na girma.

Wai an yi wani masunci mai suna Arzika, da matarsa Tumba. Wata shekara ruwa ya cika har ya shafe fadama, Arzika ya tura jirginsa da sassafe bai dawo ba. Aka nema har aka gaji, aka yi zaman makoki aka watse. Ran kwana bakwai Tumba na shara a tsakar gida sai ta ga inuwa a ƙofa. Ta ɗaga kai, ga shi tsaye da rigar da ya fita da ita. Ya shigo ya zauna inda ya saba zama, bai ce uffan ba. Sai dai duk inda ya taka, sawunsa ya cika da ruwa, kuma rana ba ta busar da shi. In ya kwanta tabarma ta jiƙe. Kaji suka daina zuwa kusa da shi. In ya juya cikin barci, Tumba takan ji ƙirjinsa na ƙara kamar tulun da ba a cika ba.

Wata tsohuwa a unguwar ta ja ta gefe ta ce mata 'yan ruwa kan riƙe mutum su aiko da nasu cikin kamarsa. Ta ƙulla mata gishiri a tsumma ta ce ta sa masa a miya. In ɗan ruwa ne, da gishiri ya taɓa harshensa zai narke ya bi rariya ya koma inda ya fito. In kuwa mijinta ne, ba abin da zai same shi. Tumba ta karɓa ta gode. Ta dawo gida ta aza tukunya biyu, ɗaya da gishiri ta yara, ɗaya lami tasa. Washegari ma haka. Aka yi shekara, aka yi biyu, kullum tukunya biyu. Ran nan zazzaɓi ya kayar da Tumba, ɗiyar maƙwabta ta shigo taya ta girki. Yarinya ba ta san komai ba, ta yi miya ɗaya da gishirinta, ta zuba ta kai gabansa. Tumba na kwance a ɗaki tana hangen sa ta ƙofa. Ya wanke hannu, ya yanki loma, ya dangwala, ya ɗaga ta zuwa baki.

Daidai nan Kaka za ta miƙe ta kakkaɓe zane ta ce, "Kihi ya yi. Ku kawo kwando."

Sauran yara sun saba, sai su tashi. Ni ce ba na tashi.

"Kaka, ya narke?"

"Wa?"

"Arzika mana."

"Ni ina cikin ɗakin? Ni ma nan anka tsaya mani."

"To dommi ba ta sa mai gishirin ba tun ranar hwarko, ta huta?"

"Ta huta da mi? In ya narke sai ta zauna ta kalli rariya?"

"In kuma ba mijinta ba na?"

Ta juya wata tarwaɗa da hannu tsirara, don yatsunta sun daɗe da daina jin zafi, sannan ta ce, "Ko wane na, 'Yar Dommi, yunwa shika ji."

Wannan amsa ba ta ishe ni ba. Na bi ta da dabaru iri-iri. Na ce mata ni kaɗai ta faɗa wa, ba zan gaya wa kowa ba. Na ce zan wanke mata daro har ƙarshen hutu. Wata rana ma na ƙirƙiri nawa ƙarshen na faɗa mata, cewa ya narke, ƙananan kifaye suka yi ta tsalle a tsakar gida. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Ke dai kin iya ƙarya mai daɗi. Allah shi sa ki ci abinci da ita."

Akwai wani maraice da ban manta ba. Tana cikin labarin, ta zo wurin da take cewa ran kwana bakwai, sai muryar Baba Tsoho ta fito daga jikin bango, bai ko ɗaga kai daga homarsa ba.

"Tara na."

Kaka ta tsaya da sandan tona wuta a hannu. Sannan ta ce, "To, tara," ta ci gaba. Mu kuwa muka kwashe da dariya, don jin maganarsa ma abin mamaki ne, balle a ce har tatsuniya yake bi.

Addu'ar Kaka ta in ci abinci da ƙarya ta kama ni, ko da yake ta hanyar da ba ta taɓa gani ba. Ina aji biyu na sakandare na tsinci wani tsohon littafi a wurin masu sayar da takardu a kasuwa, ba bango, ba shafin farko. Labari ne da zane, kowane shafi an raba shi gida-gida, kowane gida da hotonsa, mutanen ciki suna magana a 'yan da'irori bisa kawunansu. Harshen da aka rubuta shi ban iya ba, sai na riƙa sa musu magana da kaina. Daga nan na fara yanka takardun makaranta ina yin nawa. Matsalata ɗaya, ban iya zane ba. In na zana akuya sai a tambaye ni ko tebur ne. Sai da na girma na gane cewa a wannan sana'a mai rubutu daban, mai zane daban. Aikina shi ne in zauna in tsara: shafi na kaza gida biyar ne, a gida na farko a nuna ƙafar mutum a bakin ƙofa, kada a nuna fuska, a na biyu mace ta saki tsintsiya, ba magana. Mai zane ya karɓa ya mayar da shi abin da ido zai gani.

Wanda nake aiki da shi sunansa Sadiƙu, bazazzagi ne. Sai da muka yi shekara biyu muna aiki ta waya kafin mu ga juna. Mun fara da gajerun labarai na ban tsoro muna sawa a intanet. Akwai na wata rijiya da ke amsa sallama, akwai na wani rumbun albasa a Augie da kullum ake tarar da shi ya ƙaru ba wanda ya zuba. Mutane suka so su. A wajen aikin nan ne na gane abin da Kaka ta koya mini ba da gangan ba. Mai karatu ba ya tsorata da abin da ke gabansa, yana tsorata ne da abin da ke bayan shafi. Don haka nakan ajiye abu mafi nauyi a gidan ƙarshe na shafi, sai mutum ya sa hannu ya juya da kansa. Kaka ma haka take yi. Duk inda labari ya ɗau zafi, nan take tuna akwai kifin da ke son juyi.

Da wani kamfanin buga littattafai ya nemi mu yi cikakken littafi, ban yi dogon tunani ba. Na ɗauko Arzika da Tumba. A lokacin Baba Tsoho ya daɗe da rasuwa, Kaka ma ta bi shi shekara uku kafin nan. Na rubuta komai yadda ta ba mu, na ƙara abin da na ƙara, har na zo kan lomar nan. Editar kamfanin ta ce littafi ba ya ƙarewa a haka, wanda ya sayi labarin tsoro yana son ya ga abin da ake ɓoye masa tun shafin farko. Ni ma a raina abin da nake so ke nan, don shekara ashirin ina jiran wannan ƙarshen. Sai na rubuta wanda na ƙirƙira tun ina ƙarama. Sadiƙu ya ba shi shafi guda cur. Fuskar mutumin na zubowa kamar kitse a wuta, idanunsa sun koma na kifi, rigar ta faɗi ba kowa ciki, ruwa ya nufi rariya. Da ya turo mini, sai da na ajiye wayar na fita tsakar gida. Bai taɓa zane mai kyau irin wannan ba.

Saura wata guda a kai wa maɗaba'a, Sadiƙu ya ce jiragen da ya zana ba su yi kama da namu ba, in samo masa hotuna. Na hau mota na tafi Argungu. Na ɗauki hotunan bakin kogi da hantsi, sannan na wuce gidan Kawu Garba. Na tarar da shi a rumfar ƙofar gida, ya dawo daga fadama, ƙafafunsa duk laka. Bayan gaisuwa ya ce ya ji ana cewa ina rubuta littattafan aljannu. Na ce ai wannan ma ya san shi, tatsuniyar Kaka ce. Na miƙa masa wayar.

Ya sa tabarau yana ja da yatsa a hankali. Da farko yana murmushi. Ya ga tsohuwa mai gishiri ya ce kamar ya san ta. Da ya kai shafin ƙarshe sai murmushin ya tafi. Ya daɗe yana kallo. Ya kife wayar a kan tabarma.

"Wa yac ce maki ya narke?"

"Ba kowa, Kawu. Kaka ba ta taɓa ƙarasawa ba, ni na ƙarasa."

"Uwarki ba ta taɓa hwaɗa maki komi ba?"

"Game da mi?"

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Wanga da kinka narkar, ubana na."

Ya ba ni labarin a zaune a nan, da rana tsaka, masu babura na wucewa. Ya ce yana da kamar shekara goma, Inna kuwa tana goye. Baba Tsoho a lokacin masunci ne da ake ji da shi, yana kuma ƙetarar da mutane a jirgi ranar kasuwa. Wata damina ruwa ya yi yawa, ya ɗauko mutane da kaya, tare da ƙanensa Sani da ke taya shi tuƙi. A tsakiya jirgi ya kife. An ceto waɗanda aka ceto. Gawar Sani an same ta washegari, Baba Tsoho kuwa ba shi ba labarinsa. Aka yi masa sallar da ake yi wa wanda ba a ga gawarsa ba, aka yi zaman makoki.

"Ran kwana tara wasu Hulani sunka kawo shi bisa jaki," in ji Kawu. "Can ƙasa sunka tsince shi cikin ciyawa, bai san sunanai ba. Wani mai saye da sayarwa yag gane shi. Ya shigo gida, ya zauna, bai ce ma kowa komi ba. Ni da kaina na ɓoye bayan rumbu, tsoro nai nika ji."

Ya ce gari ya ɗauka cewa ba shi ba ne. Mata suka daina aiko yara gidan. Wani ya ce ya gan shi da asuba yana tsaye yana fuskantar kogi, jikinsa na ɗigar ruwa, alhali zufa ce ta mai firgita cikin barci. 'Yan'uwan Kaka suka zo daga Augie da amalanke za su kwashe ta da yaranta. Ta shimfiɗa musu tabarma, ta ba su fura, ta ce su gaida gida. Da abinci ya ƙare a rumbu ta gina murhu ta fara banda. Ita ta roƙi masunta su riƙa kawo masa homa, don ta lura hannunsa bai manta ba ko da bakinsa ya rufe.

"Gishirin fa?" na tambaya. "Da gaske anka ba ta?"

"An ba ta abubuwa da yawa. Hayaƙi, rubutu, abin binnewa bakin ƙohwa. Ban san abin da tay yi da su ba. Tukunya dai ɗaya munka ci." Ya mayar da tabarau. "Sai da yac cika shekara biyu ko kusa. Muna cin tuwo, yad dube ta yac ce, Ige, an ruhe Sani? Tac ce an ruhe shi, an yi mai sutura mai kyau. Sai yay yi kuka. Daga nan yah hwara magana kaɗan-kaɗan, irin wadda kinka tarar."

Ban san lokacin da na ce, "Shi ya sa yac ce tara" ba. Kawu bai gane ba, sai da na ba shi labarin maraicen nan. Ya yi 'yar dariya, idonsa ya kawo ruwa. Bai ce kada in buga littafin ba. Abin da ya ce kawai shi ne akwai tsofaffi a garin da har yanzu suke tuna zancen, kuma in sun ga wannan shafi za su ce jikarsa ma ta tabbatar.

A mota ina komawa Birnin Kebbi na kira Sadiƙu na gaya masa. Na san makonni ya kashe kan shafin. Can ya ce, "To me za mu sa a wurin?" Na ce ban sani ba tukuna. Edita ce ta fi wuya. Ta ce ta tausaya, amma masu karatu ba su san kakana ba, labari suka saya, kuma wannan shafin shi suke shirin sawa a talla. Ta ce in na cire shi ba ta da tabbacin kamfanin zai ci gaba da aikin. Na nemi mako guda. A makon nan ban rubuta komai ba sai sharewa. Na gwada sa Arzika ya ci lomar ba abin da ya faru, sai ya zama kamar ina wanke shi a gaban kotu, kuma Kaka ba ta taɓa yin haka ba. Na gwada sa shi ya tambayi labarin wani ƙanensa, sai na ga wannan maganar ba tawa ba ce da zan sayar.

Abin da na tura a ƙarshe shafi ne mai gida ɗaya. A gaba hannunsa ne da loma, ta kusa baki, ba a ganin fuskarsa. Can ciki, ta ƙofar ɗaki, fuskar Tumba tana kallonsa. Na rubuta wa Sadiƙu cewa ya yi fuskar a natse, ta macen da ta riga ta yanke shawara, ko mene ne zai faru. Edita ta riƙe shi kwana goma ba amsa. Daga baya ta kira ta ce ta ba mutum uku a ofis sun karanta, biyu sun ji haushi, amma duka ukun sun kwana suna gardama a kai, don haka za a buga.

Littafin ya fito, kuma a shekarar aka ba shi lambar yabo a wani taron masu labarin zane. Na tsaya gaban mutane na yi godiya, aka tambaye ni ko mutumin ya narke, na ce ni ma nan aka tsaya mini. Suka yi dariya, suka ɗauka wayo ne irin na marubuta. Na dawo gida ina jin na fahimci tatsuniyar sarai: labarin mace ce da ba ta ji tsoro ba lokacin da gari duka ya ji.

Inna ba mai karanta irin littattafaina ba ce, tana cewa suna hana ta barci. Wannan kam ta karɓa. Bayan kwana biyu na shiga ɗakinta da hantsi na tarar da ita tana tsince shinkafa a faifai, littafin na gefenta a buɗe a shafin ƙarshe.

"Yaron nan ya iya zane," in ji ta. "Amma hwuskar ga ba daidai take ba."

"Mi ya same ta?"

"Ta cika kwanciyar hankali. Ke kin ɗauka ba ta ji tsoro ba?"

Na ce haka na ɗauka. Inna ta ture tsakuwa gefe ta ce daren da za a kai ta ɗakin miji Kaka ta zaunar da ita ta ba ta labarin da bakinta, ba a tatsuniya ba. Kaka ta ce mata ita ma, a watannin farko, ba ta tabbata mijinta ne ba. Idonsa ba irin wanda ta sani ba ne, ko warin jikinsa ya sauya. Wata uku tana kwana da wuƙar gyaran kifi a ƙarƙashin matashi, ta sa yara bayanta, ita tana tsakaninsu da shi, ba ta runtsawa sai ta ji numfashinsa ya daidaita.

"In gari ya waye kuma," in ji Inna, "ta zaro wuƙar ta wanke, ta gyara mai kihi da ita, ta yi mai miya."

Na daɗe ina juya wannan magana. Duk shekarun nan tambayata ɗaya ce, shi wane ne, mutum ko ɗan ruwa. Ban taɓa tambayar abin da ke cikin ran wadda ke aza tukunya ba, ga ta kuwa zaune gabana kowane hutu, tana amsa duk abin da na tambaya. Da na san abin tambaya, da na ji yadda mutum ke jin tsoron wani har ya kwana da wuƙa, kuma ya tashi ya ciyar da shi, ba sau ɗaya ba, har kwana casa'in. Na yi shekaru ina rubuta mutanen da tsoro ke kora da waɗanda ba su san tsoro ba. Irin Kaka ban taɓa rubutawa ba, don ban san akwai su ba, alhali yanzu in na duba unguwarmu ina ganinsu: matar da ɗanta ya dawo daga hannun masu garkuwa ba ya son a rufe ƙofa, mutumin da ke jinyar uwar da ta daina gane shi har tana zaginsa.

Da yamma na kira Sadiƙu na tambaye shi ko yana da sauran zanen shafin ƙarshe a na'urarsa. Ya ce yana nan. Na ce in za a sake bugu akwai gyara. Ya ce wane iri, ba dai wani shafin zan sake jefar masa ba.

Na ce, "A'a, fuskar kawai. Ka sa mata tsoro, sosai. Amma kada ka kawar da idonta daga kansa."